Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Lokacin da Hannuna Ya Zauna

A kashin da ya gabata na tsaya ne a inda maigidana ya amince in bar shara da kai saƙo, in zauna a gefen teburinsa a matsayin ɗan koyo na sosai. Wanda bai san sana'ar gyaran agogo ba zai ɗauka cewa daga wannan rana sai gyara, amma abin da aka ɗora ni a kai shi ne wanki, kuma na daɗe a kansa har na fara tunanin ko dattijon ya manta da ni ne. Shi ne yake kwance agogo gaba ɗaya, ya jera mini kayan cikinsa, ni kuma in wanke kowanne in busar, sannan in fiƙe ɗan tsinken itace in riƙa goge ramukan da ƙafafun agogon ke juyawa a ciki, ina sake fiƙe shi har sai ya fito babu ɗigon baƙi a bakinsa. Ba a taɓa komai da yatsa sai da hantsaki, domin danshin hannu kaɗai ya isa ya bar tabo a jikin ƙarfe, tabon kuma yau da gobe ya zama tsatsa.

Agogon wani, wato wanda ba ya aiki da batir, ƙarfinsa duka yana cikin wani sifirin ne da ke naɗe a cikin ɗan gwangwani. Idan aka wana agogon sai sifirin ya matse, sannan ya riƙa warwarewa a hankali yana tura wasu ƙafafu masu haƙora, wannan ta tura waccan, har ƙarfin ya isa ga wani ɗan zobe mai kai-komo wanda shi ne yake ƙayyade tafiyar lokaci. A jikin zoben akwai sifirin na biyu wanda sirantarsa ta yi kusa da ta gashin kai. A yawancin tsofaffin agogunan da suke zuwa hannunmu, zoben yana bugawa sau 18,000 a awa guda, sau 5 ke nan a kowane sakan, wanda ya kama sau 432,000 a kwana ɗaya. Don kada gogayya ta cinye ƙarfen ne ake dasa ƙananan duwatsun yaƙutu na haɗi a wuraren juyawa, kuma adadinsu ne mutum yake gani a rubuce a fuskar agogo, 17 ko 21. Abin da yake bugawa haka dare da rana ba ya ɗaukar ƙazanta ko kaɗan. Ƙwayar ƙura ɗaya ko busasshen mai a rami ɗaya ya isa ya rage masa kuzari. Sai da na fahimci wannan na gane cewa wankin da nake rainawa shi ne rabin gyaran.

Ba na so in yi wa mai karatu ƙarya in ce tun farko ina son aikin. Wuyana yana ƙagewa, idona na dama da nake saƙala gilashi a kai yana ruwa, kuma sa'o'ina da suka kama wasu hanyoyi sun riga ni fara riƙe abin kansu. Na sha jin ana ba matasa shawarar su nemi aikin da ransu yake so tukuna, sannan su ba shi ƙarfinsu. Ban ƙi wannan magana gaba ɗaya ba, sai dai ni a wurina abin ya zo ne ta baya. Na ba aikin ƙarfina ina ƙunci, hannuna ya zauna, idona ya fara ganin abin da a da ba ya gani, sannan son ya biyo. Yana da wuya mutum ya so abin da bai iya ba, domin duk lokacin da ya taɓa shi gazawarsa ce take fara gaishe shi.

Wata rana aka kawo wani agogo da yake gudu ba kan gado, yana ƙara mintoci masu yawa a yini. Maigidana ya buɗe bayansa, ya duba na ɗan lokaci, ya miƙo mini gilashin ya ce, "Ɗana, duba ka faɗa mini abin da ka gani." Na duba na ce, "Baba, mai ne ya yi yawa." Ya ce in ƙara dubawa. Sai na lura cewa man ya gangara har kan siririn sifirin nan, ya manne zagaye biyu wuri ɗaya, kuma idan zagayen suka manne tamkar an gajarta sifirin ne, sai zoben ya riƙa sauri. Wanda ya taɓa agogon kafin mu bai kwance shi ba, ya dai tsiyaya mai ta sama ya rufe, agogon ya tashi a gaban mai shi, aka rabu ana godiya. Maigidana bai zagi mutumin ba, kuma ba al'adarsa ba ce ya kushe abokin sana'a a gaban mai kaya. Abin da ya ce mini bayan mai agogon ya tafi shi ne, cikin agogo wuri ne da mai shi ba zai taɓa leƙawa ba, saboda haka duk abin da mai gyara ya bari a can shi da ransa ya bar wa. Masu gyara da yawa sukan karta ɗan alama da kwanan wata a cikin murfin baya, kuma a wannan ranar na fara karanta irin waɗannan alamomi da wata fahimta: kana iya sanin halin mutumin da ba ka taɓa gani ba daga yadda ya bar kan sukuru, ko ya kwarzane shi ko ya bar shi sumul.

Wannan agogon shi ne na farko da aka bar ni na haɗa da hannuna daga farko har ƙarshe. Na jera ƙafafun, na tabbatar kowace ta shiga raminta kafin in ɗaure gadar da ke riƙe su, na ɗiga mai da bakin allura, ɗigon da ido ba ya gani sai da gilashi. Zoben ne ake sawa a ƙarshe. Na ɗauko shi yana lilo a bakin hantsaki, numfashina a riƙe, na sauke shi a mazauninsa, kuma tun kafin in ɗaure sukuru ya kama kai-komo da kansa. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba sai dai in ce gajiyar watannin baya duka ta sami ma'ana a lokaci guda. Maigidana ya kara agogon a kunnensa, ya kifa shi, ya tsayar da shi ta gefe yana saurare, domin agogo yana iya tafiya daidai a kwance ya kuma yi jinkiri a tsaye, sannan ya ajiye ya ce, "Kawo na gaba." Wannan ne yabon, kuma ya ishe ni.

Muna cikin haka duniyar sana'ar tana sauyawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwaz da aka sa a kasuwa. A irin waɗannan agogunan batir ne yake sa ɗan dutsen karkarwa, yawanci sau 32,768 a sakan, wani ɗan lantarki kuma ya riƙa raba wannan adadi biyu-biyu har sau 15 ya koma bugu ɗaya. Sun fi namu daidaito nesa ba kusa ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 sun cika ko'ina. A Suwizalan, cibiyar agogon wani, kamfanoni da yawa sun rufe, ma'aikata dubbai suka rasa aiki. Mu ma mun ji a jikinmu, domin mutane suka fara zuwa neman canjin batir kawai, aikin da ba ya cin minti biyar. Wasu abokan sana'a suka tattara kayansu. Maigidana ya ci gaba da wanke agogo rami-rami kamar babu abin da ya faru, kuma a lokacin na kasa rarrabe ko taurin kai ne ko wani abu da ya fi shi.

Daga baya ne na karanta labarin John Harrison, kafintan Ingila da ya koya wa kansa ƙera agogo, labarin da ya taimaka mini na fahimci dattijon. A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya samo hanyar da jirgin ruwa zai san inda yake tsakanin gabas da yamma a tsakiyar teku. Idan matuƙi yana da agogon da ke riƙe lokacin tashar da ya baro, sai ya gwada shi da lokacin inda yake, kowane bambancin minti 4 daidai yake da digiri ɗaya. Matsalar ita ce babu agogon da yake jure tangaɗin jirgi da sauyin zafi da sanyi. Harrison ya kammala na farkonsa a 1735, ya shafe shekara 19 a kan na uku, sannan ya gama na huɗu a 1759, wanda ɗansa William ya tafi da shi Jamaika a 1761, aka tarar kuskurensa bai wuce kimanin sakan 5 ba. Duk da haka an yi ta ja masa rai, sai a 1773, yana da shekara 80, majalisa ta biya shi wani kaso mai tsoka bayan Sarki George na Uku ya sa baki. Masu ba da labarin sukan tsaya a kan ladan da zaluncin da aka yi masa. Ni shekaru 19 ɗin nan ne suka tsaya mini a rai, domin babu ladan da zai zaunar da mutum a kan teburi tsawon haka idan shi kansa aikin ba ya ba shi wani abu a kowace rana.

Ba ina nufin kowace wahala tana da daɗi a ƙarshe ba. Na ga mutanen da suka yi aiki tuƙuru har ƙarfinsu ya ƙare ba tare da sun iya nuna abu ɗaya su ce wannan aikina ne ba, kuma ba laifinsu ba ne. Akwai ayyukan da aka tsara su yadda mai yi ba ya ganin farko balle ƙarshe. Sa'ar da na yi ita ce na faɗa sana'ar da sakamako yake bugawa a tafin hannuna, ko ya tashi ko bai tashi ba, kuma na faɗa hannun mutumin da bai yarda in tsallake mataki ba.

Maigidana kuwa ashe ba taurin kai ne da shi ba. Wata safiya ya ajiye wani agogon batir a gabana, ya ce shi idonsa da shekarunsa sun wuce koyon wannan, amma ni dole in koya, kuma ya riga ya yi magana da wani tsohon ɗalibinsa da ya ƙware a kayan lantarki. Yadda na koma ɗan koyo a karo na biyu, a hannun mutumin da bai girme ni da yawa ba, shi ne zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.