A Fagen Fama, Jini Ake Fara Tsayarwa

A makarantar koyon jinya an sabar mana cewa in mutum ya faɗi, hanyar numfashinsa ake fara dubawa. Kwas ɗin kula da masu rauni a fagen fama ya sauya wannan tsari: zubar jini ce a gaba. In harsashi ya tsinka babbar jijiyar cinya, kafin ka gama leƙa maƙogwaro mutum ya cika.

Sabon tsarin, wanda ake kira TCCC a taƙaice, daga sojojin Amurka ya fito. Bayan gumurzun Mogadishu na 1993, likitan sojan ruwa Frank Butler da abokan aikinsa suka wallafa shi a 1996. A 2012 binciken da Brian Eastridge ya jagoranta ya bi diddigin sojoji 4,596 da suka mutu a Iraƙi da Afganistan. Kusan kashi 87 cikin 100 ba su kai asibiti da rai ba, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu na waɗannan rauninsu na tsira ne. Me ya kashe su? Tara cikin goma, jini ne.

Abin da ya fi yi mini nauyi a kwas ɗin shi ne matakin farko. Muddin ana ruwan harsasai, aikinka ka mai da wuta, ka nemi mafaka, ka daka wa mai raunin tsawa ya ɗaura wa kansa maɗaurin tsai da jini. Zuciya ba ta so, amma ma'aikacin jinyar da aka harbe ya zama kaya a kan kaya.

Maɗaurin kuwa, wanda a da likitoci ke gudu don tsoron yanke ƙafa, can sama a hannu ko ƙafa ake ɗaura shi a kan kaki, a murɗa har jini ya tsaya, a rubuta lokaci. Mai raunin zai yi ihu, kada ka sassauta. A matsematsi ko hammata, inda ba ya ɗauruwa, sai ka cusa bandeji cikin raunin ka danne aƙalla minti uku. Mun yi ta maimaitawa a duhu da hannu ɗaya, don in ta yi tsami hannu ne ke tunawa, ba kai ba.

Sai rufe mai rauni da bargo, ko da rana na ƙuna, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa da wuri.

A ganina, inda ya kamata namu horon ya fi tsayawa shi ne jira. A 2009 Amurka ta ɗora wa kanta kai mai rauni ga likitan fiɗa cikin awa ɗaya a Afganistan, da jirage masu saukar ungulu. Sojan da aka harba a tsibiran Tafkin Chadi yana iya shafe awanni a hannunka. Dole ka iya sake duba maɗaurin kafin awa biyu, ka maye gurbinsa da bandejin matsi in hali ya yi, ka kuma yi allurar TXA, maganin rage zubar jini, kafin awa uku ta wuce.