Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana a Jinyar Inna

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Laraba muka dawo gida da Inna bayan kwana 19 a asibiti a Kano, bakwai daga ciki a ɗakin kulawa ta musamman. Da yawun ƙannena nake wannan rubutu, don ƙafa ba za ta kai mu gidan kowa ba.

Waɗanda suka raka mu daga Takai sun ga yadda muka haye gadar Wudil da ita, numfashi yana fita da ƙyar. Nimoniya ce ta kama huhunta, sai da aka zura mata bututu ta maƙogwaro, inji ya yi kwana huɗu yana numfashi a madadinta. Ranar da aka cire bututun na kira gida na ce a share mata ɗaki. Ashe da sauran rina a kaba.

Likitan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mai jiki irin na Hajiya, yanzu ne aikin ya fara." Ya ce teɓa tana danno tantanin da ya raba ciki da ƙirji zuwa sama, sai ƙasan huhu ya motse kamar balan-balan ɗin da aka sace wa iska, ga maƙogwaro da ke rufewa in barci ya yi nauyi. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne abin tsoro, domin in numfashin ya gaza dole a mayar da bututun, kuma wanda aka mayar wa ya fi shiga haɗari.

Shi ya sa ba su jira ta galabaita ba. Suka ɗaura mata abin rufe hanci da baki wanda inji ke turo iska da ƙarfi ta cikinsa, mu dai baifaf muka ji suna ce masa. In ta yi 'yan sa'o'i sai a sauya mata da wani bututu na hanci mai kawo iskar oksijin da ɗumi da laima, ta huta, da dare kuma a mayar da na farko. Aka ɗaga kan gadon, aka hana ta kwanciya flat ɗin nan da ta saba a tabarma.

Inna fa ba ta yarda ba. Da dasasshiyar muryarta take cewa a cire mata takunkumi, ita ba jaka ba ce. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na goya mata baya har na ɗaga wa sistar da ke aikin dare murya. Baiwar Allah ba ta tanka ba. Nuna mini ɗan abin auna oksijin na jini da aka maƙala wa Inna a yatsa kawai ta yi: in an zare takunkumin ta yi barci lambar ta gangara 80 da wani abu, in an mayar ta haura 90. Sista, ki yi haƙuri, Allah Ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki.

Shekara da shekaru jikoki suna tsokanar Inna da minshari, mu kuma muna cewa ƙibarta hutu ne. Shirun da take yi a tsakiyar minsharin sannan ta zabura, ashe numfashi ne yake tsayawa.

Muna gode wa likitoci da nas-nas da masu shara. Muna gode wa liman da jama'ar masallacin Juma'a da suka yi karo-karo, da matan adashin Inna da suka ba ta kwasar da ba tata ba, da Kawu da ya sayar da bijiminsa na huɗa ana gab da damina, da direban da ya ƙi karɓar kuɗin mai, da 'yan'uwa na Kano da kwanonsu bai yanke ba ko sau ɗaya. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Masu zuwa dubiya, don Allah a zo bayan la'asar, kuma a rage kawo lemo da soye-soye, an sa mata doka kan abinci. In kun tarar da ita a jingine da filo uku, haka aka ce ta riƙa barci kafin mu koma a duba numfashinta na dare.