Yau dai bakin tiyub bai tsinke ba

Jama'a, yau da hantsi na ratsa yashin gulbi sau shida, zuwa da dawowa, da kayan tafiya cif a bayan mashin, na fito tayata lafiya lau. Wallahi da na hau tudu na kashe mashin sai da na zauna a ƙasa na yi hamdala, don tsinkewar bakin tiyub, wato wurin da ake hura wa taya iska, ta kusa sa in fasa tafiyar Agadas gaba ɗaya.

Shirinmu yana nan yadda yake. Mu uku ne, kowa da mashin ɗinsa mai ƙaramin inji 125, za mu tashi cikin sanyin Disamba. Maradi zuwa Damagaram ta Agye da Tasawa ba abin magana ba ne, kwalta ce. Daga can mu miƙa arewa, Tanut, Adarbisanat, mu tsaya mu ƙare wa dutsen Tigidit kallo, sannan Agadas, kusan kilomita 450 daga Damagaram. Ni burina in tsaya gindin hasumiyar nan mai tsayin mita 27 ta babban masallacin Agadas da mashin ɗin da na tuƙo da hannuna. Amma ba kwalta za ta kai mu wuraren da muke son gani ba. Duk rugar da za mu leƙa, duk rijiyar da za mu tsaya, sai an sauka cikin rairayi, kuma nan ne na yi wata guda ina shan wuya.

Kowa ya san sai an rage iskar taya kafin a shiga yashi. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne abin da ke biyo baya. Fitar farko na sauke iskar tayar baya daga bar 2 zuwa 0.8 a ma'aunin iska, mashin ya riƙa tafiya kamar jirgin ruwa, na ji daɗi ƙwarai. Ban yi minti ashirin ba sai na ji baya ya zauna. Na ɗauka ƙayar aduwa ce. Da muka buɗe, ba ƙaya ba ƙusa, bakin tiyub ne ya tsinke daga tushensa, ya bar rami kamar an ciza. Wannan ba ya facuwa. Na tura mashin cikin yashi har bakin hanya, gumi har cikin takalmi.

Na sayi sabo, na koma bayan kwana uku, haka ta sake faruwa. Na uku ma haka. Tiyub uku, kowane jaka biyu da rabi, ga kuɗin mai faci, ga jaka uku da na ba mai amalanken da ya ɗauko mini mashin ranar da na kasa turawa. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma rashin gane dalili ya fi ci mini rai. Har na fara zargin mai shagon da sayar mini da jabu, kuma na ɗauki alhakinsa, kayansa ba su da laifi.

Wani dattijon bakanike ne ya warware mini, mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa masu zuwa kasuwannin daji ta wajen Dakoro. Bai ko taɓa mashin ba. Ya karɓi tsohon tiyub ɗin ya juya shi, ya ce, “Yaro, tayarka ce ke yawo a kan rim.” Ya ɗauki alli ya ja layi ɗaya daga jikin taya zuwa rim, ya ce in je in yi abin da na saba in dawo. Na ce, “To Baba.” Ko gulbi ban kai ba, yashin bayan unguwa kawai na shiga, da na duba layin ya rabu da faɗin yatsa biyu. Ashe idan iska ta yi ƙasa sosai taya ba ta kama rim da ƙarfi, duk lokacin da na murɗa wuta mashin ya yunƙura sai rim ya juya ya bar taya a baya kaɗan, ita kuma ta ja tiyub. Bakin tiyub yana cikin raminsa ba inda za shi. Ni kuma na ƙara wa kaina, don ɗan notin nan na bakin tiyub nakan ɗaure shi tamau a jikin rim, ina ganin tsafta ce. Da a sake yake, da bakin ya karkace na gani tun kafin ya tsinke.

Abin da muka yi ba yawa. Noti ya koma sama, ya haɗe da murfin bakin tiyub, ba ya taɓa rim. Muka wanke bakin taya da rim tas, don mai facin da nake zuwa yana shafa baƙin mai wajen sa taya, shi ma yana sa ta zamewa. Na sa tiyub mai kauri, an barbaɗa masa hoda. Iska kuwa na daina sauka ƙasa da 1.2 a baya. Akwai ɗan ƙarfen nan mai roba da ake huda rim a ɗaura don ya danne taya, na nema ban samu daidai da rim ɗina ba, kuma gaskiya ban so a huda mini rim.

Da 1.2 mashin ba ya shawagi kamar da, dole hannu ya biya sauran. Giya ta biyu, wuta daidai ba a murɗawa da fushi, nauyi a baya, a manta da birkin gaba, ido can nesa. Na kuma sauke bidon ɗin ruwa daga saman kariya, wurin ɗora kaya, na rataye su gefe da gefe, gaba ya daina rawa. Bayan kowane zagaye yau ina sauka in duba layin alli. A na shida ya gusa kamar kaurin farce, shi ke nan.

Saura gwaji na gaske. Asabar mai zuwa in Allah ya yarda za mu kwana Dakoro, mu shiga ta Barmo mu nufi dajin Gadabeji, inda aka kawo raƙuman dawa a 2018. Can akwai yashi akwai ƙaya, kuma famfon hannuna ƙarami ne, ban san sau nawa zan iya hura taya a yini ba kafin kafaɗa ta gaza. Ba ma tafiyar dare, kuma sai mun tambayi direbobin tasha halin hanya kafin mu tashi. Wanda ya san inda ake samun famfon ƙafa mai ma'aunin iska a Maradi, wanda ba ya karyewa a hurawa ta biyu, don Allah ya faɗa mini kafin Juma'a.