Wasiƙa daga New Jersey: finafinan 'yan cin gashin kai

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Da fatan kowa yana lafiya.

In aka ce fim ɗin Amurka, hankalinmu kan tafi ne ga mota ta tashi sama, bene ya ruguje, jarumi ɗaya ya gama da runduna. Wannan aikin manyan kamfanonin Hollywood ne. A gefe guda akwai wasu masu shirya fim da aljihunsu, kuma ni dai nasu ya fi kwanta mini a rai, don a nan ake ganin talakan Amurka yadda Allah ya yi shi.

A nan jihar da nake, a wani ɗan gari wai shi Leonardo, a da Kevin Smith yaron shago ne. Ya ci bashi da katunan banki, ya sayar da littattafansa na zane-zane, ya haɗa dala 27,575, ya ɗauki fim ɗin Clerks da ya fito a 1994, a cikin shagon da yake tsaro. Ba a ba shi wurin sai an tashi da dare, alhali labarin da rana yake faruwa. To yaya za a ɓoye duhun waje? Sai ya rubuta cewa wani shaƙiyyi ya cusa cingam a kwaɗon ƙofar ƙarfen gaban shagon, ta ƙi buɗuwa. Shi ke nan, magana ta ƙare. Fim ne baƙi da fari, ba harbi ba gudu, samari biyu ne kawai suna surutu suna ƙorafin masu sayayya. Amma fa bakinsu ba linzami, kada wanda ya kunna shi gaban yara ko surukai ya ce ni na sa shi.

Napoleon Dynamite na 2004 ya fi tsafta. An ɗauke shi a Preston ta jihar Idaho da kusan dala 400,000: wani dogon ɗalibi, gaula-gaula, ya taka rawa don abokinsa ya ci zaɓen shugaban ɗalibai. Ya jawo sama da dala miliyan 40.

Sai dai cin gashin kan nan iyakarsa bakin kasuwa. Kasuwar kuwa ita ce bikin Sundance da aka daɗe ana yi duk Janairu a Park City ta jihar Utah, wanda zai koma Boulder ta Colorado daga 2027. A can dillalai ke zagayawa suna taya finafinai. Kamfanin Miramax da ya sayi Clerks a lokacin yana hannun babban kamfanin Disney tun 1993, Napoleon Dynamite kuma Fox Searchlight, reshen babban kamfanin Fox a lokacin, shi ne ya kwashe shi. Wanda bai samu mai saye ba ya koma gida da fim ɗinsa, bashin banki na jiransa.

A gaida mutan gida.

Naku,
Wani ɗan uwanku a New Jersey