Albasar Aliero da ciwon da ke son zaƙi

Daren jiya na dawo Kano, har yanzu jakata warin albasa take. Aliero na je, garin albasa da masu ɗori a Jihar Kebbi. Wani abokina da ke koyarwa a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin ne ya gayyace ni in yi wa ɗalibansa bayanin yadda ciwon daji ke cin sukari.

Hanya lafiya lau, sai a wani shinge bayan Tambuwal. Jami'in ya zazzage jakata, ya zaro takardar da na zana ƙwayar halitta a kai, ya juya ta sama da ƙasa, wai taswirar wane gari ce? Na ce, "Yallaɓai, garin da ke cikin jikinka ne." Ko murmushi bai yi ba. Ya shanya mu a rana, fasinjoji na ta harara ta.

A gidan surukin abokina na sauka, dattijo manomin albasa. A Kano sai an tambaye ka ko za ka ci abinci, kai kuma ka yi ta kawaici. Nan kuwa ba tambaya, malmalar tuwon shinkafa da kifi kawai na gani a gabana. Bayan isha'i ya gyara zama.

"Malam, uwargidana na da wanga ciwo na daji a mama. An ce in hana ta zaƙi duka, ciwon shi mutu da yunwa. Mi ka gani?"

Wallahi tambayar ta fi ta ɗaliban duka nauyi. Na ce, Baba, zancen yana da tushe. Tun shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura ƙwayoyin daji na zuƙar sukari kamar ba gobe, kuma ko da iskar oksijin a wadace, rabin ƙonawa suke yi masa su zubar da sauran. Lafiyayyar ƙwaya tana samun awon ƙarfi wajen 30 daga sukari guda, wannan hanyar gaggawa kuwa 2 kacal take bayarwa. Ɓarna ce, amma tana da sauri, kuma da wani ɓangare na sukarin ake gina sababbin ƙwayoyi.

Mai buɗe wannan hanya wani enzayim ne, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a cikin ƙwaya, sunansa heksokines. Kamar yaron dillali yake a bakin kasuwa: buhun sukari na shigowa zai danna masa tambarin wani sinadari da ake kira fosfet, daga nan ba fita. Nau'insa na biyu ya fi yawa a ciwon daji iri-iri, har na'urar hoton PET da shi take kama ciwon, don sukarin bogi mai haske ake ɗura wa mutum ya je ya maƙale a wurin.

Sai na nuna rumbunsa na ce, idan albasa ɗaya ta ruɓe ya kake yi? Ya ce fiddawa, kafin ta ɓata 'yan'uwa. To haka Allah ya tsara jiki, ƙwayar da ta lalace ita ke kashe kanta, kuma umarnin daga murhunta yake fitowa, wato maitokondiriya. Shi wannan enzayim sai ya je ya lafe a ƙofar murhun ya tare umarnin. Ruɓaɓɓiya ta zauna daram tana haihuwa.

Amma horon yunwa ba magani ba ne. Ko ba ta lashi zaƙi ba, hanta za ta haɗa sukari, in ta kama daga tsokar jikinta. Inna ce za ta rame, ciwon na nan. Na roƙe shi ya bar ta ta ci, kada kuma su yanke zuwa asibiti. Ya daɗe shiru, sannan ya ƙwala wa jikarsa kira, a kai wa kakarta kunu, a sa zuma.

Laccar washegari ta yi kyau. Na leƙa kasuwar Jega, direbobin can ba sa ragi ko sisi. Birnin Kebbi wucewa kawai na yi, Argungu sai wani jiƙon.

Buhun albasar da Baba ya sa aka ɗora mini, a Yankaba ko taya shi ba zan iya ba. Na kai hannu aljihu, ya ɗaure fuska ya ce kar in ɓata masa suna a gari.