Kada Ku Yi Saurin Raɗa wa Cutar Shuka Suna

Ƙannena masu shirin shiga binciken cututtukan amfanin gona, musamman waɗanda hankalinsu ya karkata ga ƙwayoyin bairos, akwai wani hali da nake so ku raba kanku da shi tun da wuri, shi ne saurin raɗa wa cuta suna. Da zarar ɗalibi ya haddace hotunan ganye a littafi, sai ya ɗauka idonsa ya buɗe. Ya ga ganye ya yi dabbare-dabbare, ya ce bairos ne. Ya ga shuka ta tsumbure, ya ce bairos ne. Haka na yi a farkon aikina, kuma akwai manoman da bakina ya jawo wa asara.

Ganye ba shi da hanyoyi da yawa na nuna ciwo. Ko ya yi rawaya, ko ya nannaɗe, ko ya fito da zane, ko ya bushe ta baki. Abubuwan da ke jawo haka kuwa ba su ƙirguwa: ƙarancin sinadari a ƙasa, maganin ciyawa da iska ta kwaso daga gonar maƙwabci, cizon ƙwari, kwanciyar ruwa. An taɓa kawo mini ganyen masara mai farin zane a cikin leda. Ban je gonar ba. Na juya shi a hannu, na ce cutar zanen masara ce, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, a tuge duk wadda ta kamu. Aka tuge. Da na je daga baya, sai na tarar masarar da ta yi zanen duk tana gefe guda, inda ruwa ya zaizaye ƙasar sama. Ƙarancin sinadarin zinki ne. Zanen bairos sirara ne, a kakkarye, suna bin jijiyar ganye, kuma shukokin da suka kamu sukan warwatsu nan da can, yadda ƙwaro ya sauka. Na zinki kuwa faffaɗan fari ne a gefe biyu na babbar jijiya, yana farowa daga gindin ganye, kuma yana bin yanayin ƙasa. Da na taka gonar tun farko, yadda ciwon ya kwanta a fili kaɗai ya isa ya dakatar da ni. Masarar da taki zai iya ceto, ni na sa aka tuge ta.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai a wannan fage ƙima ba ta wadatarwa, kuma tarihin ilimin kansa shaida ne. A 1886 Adolf Mayer ya nuna cewa ruwan ganyen taba mai ciwo yana harbin lafiyayyar taba, amma ya ɗora laifin a kan bakteriya. A 1892 Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan da matacin da bakteriya ba ta iya wucewa, ruwan ya ci gaba da harbi, duk da haka bai saki zaton bakteriya ba. Sai a 1898 Martinus Beijerinck ya ce wannan wani abu ne dabam, wanda ba ya hayayyafa sai a cikin rayayyar shuka. Wendell Stanley, da ya fitar da ƙwayar a daskare a 1935 har ya samu kyautar Nobel a 1946, ya ɗauka furotin ce zalla. Bawden da Pirie ne a Ingila suka nuna akwai RNA a cikinta, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan halittarta. Kai, cututtuka da dama da ke sa shuka rawaya an daɗe ana lissafa su cikin na bairos, sai a 1967 masana a Japan suka gano wata irin bakteriya ce marar ɓawo. Idan manya irin waɗannan sun yi saurin kiran suna, gwaji ya gyara musu, to ɗan koyo ya ji tsoron bakinsa.

Da na gane ido na yaudara, sai na koma ɗaya gefen, na miƙa wuya ga ɗakin gwaje-gwaje. Wannan ma tarko ne. Gwajin ELISA, wanda Clark da Adams suka daidaita don ƙwayoyin shuka a 1977, ana yin sa a wani faranti mai ramuka 96. A niƙa ganye, a ɗiga ruwansa a ramukan, a wanke, a zuba sinadarai, ramin da ke da bairos sai ya yi rawaya. Sinadaran na da tsada, samfurori sun taru mini, sai na cika kowane rami da ganyen da nake zargi, ban bar gurbi ko ɗaya ga lafiyayyen ganye ba. Faranti ya yi rawaya kusan duka. Na kai wa malamina ina ɗoki. Ya ɗaga shi ya duba a haske, ya ce, "Ina lafiyayyen?" Na ce, "Malam, babu wuri." Ya ajiye farantin, ya ce, "To ba ka yi gwaji ba tukuna." Da na sake, lafiyayyen ma ya yi rawaya, domin wankina bai fita ba. Tun daga nan ba na duba sauran ramuka sai na fara duba guda biyu: na ganyen da na tabbata lafiyarsa ƙalau, da na wanda na tabbata yana ɗauke da cutar.

Ku kuma sani cewa gwaji ba ya nuna maka sai abin da ka tura shi nema. Lokacin da cutar dabbare-dabbaren rogo ta yi mummunar ɓarna a Uganda a shekarun 1990, ƙwayar da ke bayanta haɗin gambiza ce ta ƙwayoyi biyu, kuma mafi yawan rigarta, wato furotin da ke lulluɓe da ita, ta aro ta ne daga tsohuwar da aka riga aka sani. Gwajin da ke duba riga kaɗai zai ce maka tsohuwar ce. Sai da aka karanta jerin ƙwayoyin halittarta aka ga sabon abu ne. PCR, gwajin da ke neman ƙwayoyin halittar bairos kai tsaye, shi ma haka yake, ga shi kuma ɗan ɗigon da ya fantsamo daga wani samfur ya isa ya ba ka sakamakon ƙarya.

Cutar da ta fi koya mini haƙuri ita ce kuturtar gyaɗa, wadda annobarta ta 1975 ta durƙusar da noman gyaɗa a arewacin Najeriya. Na niƙa ganye mai ciwo a ɗan turmi, na barbaɗa wa lafiyayyun ganye wani gari mai kaushi, na shafa musu ruwan da yatsa. Suka kamu, suka tsumbure, ganye ya cure wuri guda. Sai na ɗebo darɓa, ƙwarin da ke yaɗa cutar, na ɗora su da ɗan burushi a kan waɗannan shukoki, sannan na mayar da su kan sababbi a ɗakin raga. Ko ɗaya ba ta kamu ba. Na zargi ƙwarin, na zargi zafi, na sake kiwon wasu, na ɓata lokaci mai tsawo. Ashe amsar tana rubuce, ni ne ban karanta ba. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su yi wannan cuta. Akwai ƙwayar da ke hayayyafa amma ba ta da rigar kanta. Akwai wani ɗan guntun RNA da ke raɓe da ita, shi ke fito da alamomin. Akwai kuma wata ƙwaya mai taimako, wadda ita kaɗai ba ta nuna wata alama a fili, amma rigarta ce sauran biyun ke shiga kafin darɓa ta iya ɗaukar su. Shafawa da hannu tana wucewa da biyun farko, ta bar ta ukun a baya. Saboda haka shukokina sun kamu da gaske, amma babu abin da ƙwaro zai ɗauka. Na kira cutar da suna ɗaya, sai na yi ta neman mai laifi ɗaya. Mutuwar masara da ta ɓulla a Kenya a 2011 ma ƙwayoyi biyu ne suka haɗu. In gwaji ya ƙi tafiya yadda kuke zato, ku koma ku karanta abin da na gaba suka rubuta kafin ku ɗora wa kayan aiki laifi.

Ku koyi ƙwari kamar yadda kuke koyon ƙwayoyin. Na sha cewa a yi feshi don tsayar da bairos, alhali akwai nau'in da darɓa ke ɗauka a bakinta ta zuba cikin daƙiƙoƙi, tun kafin magani ya kashe ta. Kuɗin manomi ne kawai ya tafi.

Sannan ku saurari mai gona. A wani zagaye da na shiga a Gabashin Afirka, ina duba ganyen rogo, na rubuta cewa gonar da sauƙi. Wata dattijuwa da ke biye da mu ta ce, "Ɗana, ka tona ka gani." Ta tumɓuke gindi ɗaya, ta sara da wuƙa. Ciki duk ruɓa ce, busasshiya, ruwan ƙasa-ƙasa. Cutar nan ce mai ɓata saiwar rogo, wadda H. H. Storey ya bayyana a Tanganyika (Tanzaniya ta yau) a 1936, ta daɗe a yankunan gaɓar teku, sannan ta sake ɓulla a Uganda a 2004. Alamarta a ganye takan yi laushi, tsofaffin ganyen da ke nuna ta su zube, shuka ta tsaya kore shar har ranar tono. Takardar da na zo da ita ba ta da gurbin saiwa, saboda haka ban duba ba. Ita kuwa dattijuwar ta san daga gonar da aka samo itacen, da shekarar da abin ya fara. Ba ni da na'urar da za ta ba ni wannan labari.

Idan manomi ya tsare ku da tambaya kafin gwaji ya fito, ku ce masa, "Baba, ina zargin abu kaza, amma sai na gwada." Kada kunya ta sa ku yanke hukunci. Shukar da bairos ya shiga ba ta da magani a gona, abin da ya rage shi ne iri mai tsabta, iri mai juriya, da tuge waɗanda suka kamu, kuma kowanne da tsadarsa a wurin mai gona. Ku ɗauki ganye daga mai ciwo da kuma daga lafiyayyar da ke kusa da ita. Ku rubuta wuri da rana da sunan iri da fensir, domin tawada na wankewa a jiƙa, ku sa takardar a cikin leda tare da ganyen. Ranar da sakamako ya fito, ko da ya ƙaryata zatonku, ku koma gonar ku faɗa masa.