Tuhuma Daban, Samun Mutum da Laifi Daban

A makon jiya wani matashi da ke koyon fassarar labarai a hannuna ya miƙo mini takarda in duba kafin a karanta ta a rediyo, sai na ga ya rubuta cewa an samu wani tsohon jami'in gwamnati da laifin almundahana. Da na nemi asalin labarin na Turanci, sai na tarar kalmar da ke wurin ita ce "indicted". Na tambaye shi wace kotu ce ta yanke hukuncin, ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, haka sauran shafuka suka saka tun da safe." Gabana ya faɗi, domin da wannan kalma na taɓa cutar da wani bawan Allah, kuma har yau ban samu natsuwa a kan abin ba.

Lokacin ina sabon shiga aiki, gwamnatin wata jiha ta kafa kwamitin bincike kan kuɗin wata ƙaramar hukuma, rahoton ya fito, jaridun Turanci kuma suka yi amfani da wannan kalma a kan ma'ajin hukumar. Ban taɓa cin karo da ita ba, ban ma san cewa "indait" ake furta ta ba, harafin c a cikinta ba ya fita. Na ga ƙarshenta ya yi kama da na "convict", wadda na san tana nufin kotu ta samu mutum da laifi, sai na ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Na rubuta cewa an samu ma'ajin da laifin satar kuɗin jama'a, aka karanta a labaran dare, aka maimaita da safe.

Na daɗe ina ba kaina uzuri, kuma har yanzu ina ganin wasu uzurorin suna da ƙarfi. Ƙamus ɗin da ke ofishinmu ƙarami ne, shafukansa sun zube, babu intanet a lokacin, mai karanta labarai yana tsaye a kaina yana jira, edita kuma ya duba takardar ya sa hannu bai ce komai ba. Bayan haka, Turancin jaridun ƙasar nan ya ba kalmar nauyin da ya wuce zargin baki, domin idan aka ce kwamiti ya yi wa mutum haka, ana nufin ya bincika ya ga alamun da suka sa ya ɗora masa alhaki. To amma kwamiti ba kotu ba ne, kuma akwai wani dattijo a ɗakin labaran da ya yi aikin tafinta a kotu shekara da shekaru, wanda da na tambaye shi da ya warware mini cikin minti ɗaya. Girman kai ne ya hana ni. Ba na so a ce yaron da ya zo da takardar shaidar karatu bai san wata kalmar Turanci ba.

Daga baya an gurfanar da ma'ajin a kotu, shari'a ta ja, a ƙarshe aka sallame shi saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kafa hujja. Yayansa ya zo ofishinmu, bai yi faɗa ba, bai yi maganar lauya ba. Ya ce mini tun daren da aka karanta labarin ƙaninsa ya daina zuwa masallacin unguwarsu, kuma dangin wanda zai auri 'yarsa sun janye maganar. Mun karanta gyara a rediyo, amma waɗanda suka ji gyaran ba su kai kusa da waɗanda suka ji labarin farko ba. Wani lokaci nakan ce wa kaina ai ko ban rubuta ba mutanen gari za su faɗa, wataƙila ma gaskiya ne, sai dai mutanen gari da "an ce" suke farawa, ni kuwa da muryar gidan rediyo na yi magana.

Sai bayan wannan na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Ma'anar kalmar ita ce a tuhumi mutum a hukumance da aikata laifi, wato matakin da ke buɗe ƙofar shari'a. A Amurka wata tawagar 'yan ƙasa ce ke yin wannan aiki, mutum 16 zuwa 23 a matakin tarayya, kuma idan 12 suka amince akwai dalilin da ya isa a yi shari'a, tuhuma ta tabbata. A ɓoye suke zama, mai gabatar da ƙara ne ke kawo shaidu, lauyan wanda ake zargi ba ya shiga ɗakin. Yaya za a ce an samu mutum da laifi a zaman da ba a saurari kariyarsa ba? An tuhumi Donald Trump ta wannan hanya har sau huɗu a 2023, amma ba a ce an same shi da laifi ba sai ranar 30 ga Mayu, 2024, lokacin da masu taya alƙali yanke hukunci a New York suka same shi da laifuka 34 a ɗaya daga cikin shari'un.

A Najeriya ma kalmar ta taɓa girgiza siyasa. A da, Tsarin Mulkin 1999 ya ƙunshi sashen da ya hana takarar shugaban ƙasa ga wanda kwamitin bincike ya tuhuma da wawure kuɗi ko zamba kuma gwamnati ta karɓi rahoton, da shi ne hukumar zaɓe ta cire sunan Atiku Abubakar a 2007. Ranar 16 ga Afrilu, kwana biyar kafin zaɓe, Kotun Ƙoli ta ce hukumar ba ta da wannan hurumi, aka mayar da sunansa. Sashe na 36 na wannan tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa, mu kuwa tun a makarantar allo da zaure muka ji cewa kawo hujja yana kan mai ƙara.

Ku matasa masu fassarar labarai, na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma da na zo rubutawa sai na ga ba su da yawa. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai zargi, akwai tuhuma, akwai gurfanarwa a gaban alƙali, akwai samun mutum da laifi, akwai yanke masa hukunci, kowanne da matakinsa. Idan ba ka san matakin da magana ta kai ba, kada ka rubuta. Ku buɗe ƙamus, tunda yana cikin wayar da ba ta barin hannunku, abin da ni ban samu ba. Abin da ke ɓata mini rai ke nan da yaran yanzu, komai yana gabanku amma ba ku da haƙurin karanta layi biyu. Amma kada ku dogara da ƙamus kaɗai, domin zai ba ku ma'ana ne kawai, ba zai gaya muku ko kwamiti ne ya yi magana ko kotu ba. Ku nemi lauya ko tsohon magatakardan kotu ku tambaya, ko da zai raina iliminku.

Na san za ku ce idan kun tsaya tambaya wani shafin zai riga ku sakawa a Facebook, kuma ba zan musa ba, a wannan sana'a mai jinkiri yakan rasa masu sauraro, ni kaina na sha tsawata wa yara kan nawa. Duk da haka ku bari a riga ku. Dokar laifuka ta jihohin Arewa ta tanadi hukunci a kan ɓata suna, ba kuma ruwanta da cewa kai kwafowa ka yi daga shafin wani. Idan gaggawa ta matsa muku har ba ku samu wanda za ku tambaya ba, ku rubuta "ana tuhumarsa", ku ambaci wanda ke tuhumar da abin da yake tuhuma a kai, sa'annan ku nemi jin ta bakin mutumin kafin ku saki labarin.